Likitocin sa barci masu neman ƙwarewa: da me za a fara koya musu kan ciwo mai daɗewa?

Ɗan Jekadafari ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu. Likita mai neman ƙwarewa a sashen sa barci yakan ƙare shekarunsa tsakanin ɗakin tiyata da ɗakin kulawa ta musamman. Allurar baya ya iya, sa bututun numfashi ya iya. Amma a turo masa mai sikila da ƙugu ya shekara yana damunsa, ko dattijo mai ciwon suga da tafin ƙafa ke masa raɗaɗi da dare, sai ka ga tramol kawai ya rubuta. Idan sashe a nan Gombe zai ware musu wata uku, kuma ba kullum ake samun na'urar hoto ba, da me za a fara?

Hajiyar Wunti ta amsa:

Wa alaikumus salam, Dakta. A fara da kujera, ba da allura ba. Watan farko ya zauna a asibitin rana yana ɗaukar tarihi, babba yana saurare. A tiyata an saba ciwo ya tafi gaba ɗaya. Wanda ya wuce wata uku, wato mai daɗewa, sau da yawa ba ya tafiya, raguwa yake yi. Don haka tambayar ba ta tsaya kan "daga 0 zuwa 10 nawa ne" ba. A tambaya: yana iya sujada ko a zaune yake salla? Sau nawa ciwon ke tashinsa da dare? Yana zuwa gona ko kasuwa? A rubuta amsar, da ita za a auna magani a zuwa na gaba.

Sai ya iya raba ciwon jijiya da na nama ko ƙashi, domin a nan ake yawan ɓata. Mai cewa "kamar wuta", "kamar lantarki", "kamar tururuwa na bi na", ko riga ma in ta taɓa wurin sai ya zabura, jijiya ce. Takardar DN4, ta tambayoyin gano ciwon jijiya, tana da maki 10, wanda ya kai 4 a ɗauke shi a haka. Auduga da tsinken sakace sun isa gwajin fata. Mai irin wannan ciwo, dikilofenak ba ya masa komai sai lalata ƙoda da ciki.

Amitiriftilin ake farawa da shi, miligiram 10 zuwa 25 da dare, a ƙara a hankali mako-mako, da wuya a wuce 75. Yana busar da baki, yana sa jiri, kuma dattijo mai kumburin mafitsara fitsari na iya riƙe masa. Gabafentin kuwa 300 da dare, a hau zuwa sau uku a rana, a rage sosai in ƙoda ta yi rauni. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar mutum a ƙaramin awo, bayan kwana biyar a ce bai yi ba a canza. Sai an ba shi makonni a awon da ya dace.

Kuma kafin kowa ya ce "ciwon baya ne kawai", ya nemi rama, zufar dare, zazzaɓi, raunin ƙafa, sakin fitsari. Tarin fuka na ƙashin baya bai ƙare a ƙasar nan ba.

Mai Magani Bolari ya amsa:

Hajiya ta gama da jijiya, bari in ɗora da mofin, don tsoronsa ya fi iliminsa yawa. Matakalar maganin ciwo ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1986 don ciwon daji aka yi ta, kuma a nan mofin na sha shi ne ginshiƙi: miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa huɗu, bisa agogo, ba sai ciwo ya taso ba. Ƙarin gaggawa kashi ɗaya cikin shida ne na jimillar yini. Mai shan 5 sau shida yana kan 30, ƙarinsa 5. In ya sha ƙarin sau uku jiya, jimilla ta zama 45, yau a mayar da shi 7.5 duk awa huɗu. Duk mai neman ƙwarewa ya iya wannan lissafi da ka. Ranar da aka rubuta mofin a rubuta bisakodil 5 zuwa 10 da dare, don tashin zuciya yana wucewa, taurin bayan gida ba ya wucewa. Mai ciwon ƙoda a rage masa a nisanta, maganin taruwa yake yi.

Fentazosin kuwa a cire shi daga ciwo mai daɗewa. Masu sikila da yawa sun kamu da shi, cinya ta ƙandare, gyambo ya fito, kuma in aka yi wa mai shan mofin yana iya jefa shi cikin ƙishirwar magani nan take. Tramol kada ya wuce miligiram 400 a yini, yana kawo farfaɗiya, haɗa shi da amitiriftilin yana ƙara haɗarin. A tambayi majiyyaci kai tsaye ko yana sayen na 225 a waje, ba tare da an tsare shi da ido ba.

Na Yelwa ya amsa:

Ranki ya daɗe Hajiya, na yarda da kujera, amma kada a kai allura can ƙarshe. Abin da ya bambanta mu da sauran likitoci ke nan. Daga wata na biyu ya fara da masu sauƙi: dunƙulen nama a kafaɗa, jijiyar bayan kai, jijiyar saman allon kafaɗa. Ya lissafa iyakar maganin kashe wuri da baki kafin ya zuƙa: lidoken zalla miligiram 3 a kowane kilo, bufibaken 2. Ya ja sirinji baya kafin kowace turawa. Majiyyaci ya ce bakinsa ya mutu ko kunne na ƙara, a tsaya, maganin ya shiga jini. Ruwan kitse na kashi 20, makarin wannan maganin, ya kasance a ɗakin, mililita 1.5 a kowane kilo. Allurar sitiroyid ta gefen ƙashin baya kuwa, in babu na'urar hoto a bar ta. Mai ciwon suga a gaya masa sugansa zai hau na 'yan kwanaki.

Ɗan Jekadafari ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya ƙara basira. Saura azumi: ya za a koya musu tsara magani?

Hajiyar Wunti ta amsa:

A tattauna tun Sha'aban. Amitiriftilin ba matsala, dama na dare ne. Mai shan gabafentin sau uku ana iya mayar da shi firegabalin sau biyu, sahur da buɗa-baki, amma kada a yanke ko ɗaya farat ɗaya. Dikilofenak da ƙishirwar azumi ba sa haɗuwa, ƙoda ce ke biya. Mai mofin duk awa huɗu kuwa mara lafiya ne da addini ya yi wa rangwame, a faɗa masa haka a gaban iyalinsa, in ya so ya tambayi malaminsa.