Neman shawara: yaya zan kawo dukushina daga Tasawa zuwa Maraɗi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Allah ya nufa na sayi dukushi, launinsa bidi ne, shekararsa biyu da 'yan watanni, ko haƙoran nono bai fara zubarwa ba. Yana wani ƙauye arewa da Tasawa, a gidan da aka haife shi, ni kuma ina unguwar Zariya a nan Maraɗi. Bai taɓa shiga mota ba. Ragama kaɗai ya sani, linzami bai taɓa shiga bakinsa ba.

Mahaifina ya riƙe doki, amma ina ƙarami Allah ya yi masa rasuwa, shi ya sa ba ni da wanda zan tambaya sai ku. Wani abokina ya ce in ɗauki dogon baro, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya fi sauƙin kuɗi. Wani ya ce a ɗaure ƙafafunsa huɗu a kwantar da shi kamar yadda ake yi wa bijimi ranar kasuwa. Wani kuma ya ce allurar barci ce magani. Ga zafin bazarar nan. Wallahi na fi shekara uku ina tara kuɗin dokin nan, ba na son ya iso gida da rauni. Ku taimaka mini.

Tsohon ɗan barga, Tibiri:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Wanda ya ce ka ɗaure shi ka kwantar, kada ka sake jin shawararsa a kan doki. Doki ba sa ba ne. Idan ya ji an kayar da shi an ɗaure, zai yi ta kokawa har igiya ta ci masa dantse, ko ya karya kansa. Ko ya tsira da jikinsa, abin ba ya fita daga ransa. Na ga dokin da aka yi wa haka yana ƙarami, har ya tsufa in ya ji ƙarar mota sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Ni a nawa sanin, jawo shi za a yi da ƙafa. Tasawa zuwa Maraɗi wajen kilomita 120 ne, kwana huɗu ko biyar, a yi tafiyar safe da ta la'asar, a yada zango a Gazawa da Agie. A nemi babban doki mai sanyin hali ya shige gaba, shi yana biye. Kafin ku iso ya san muryarka, ya san warin jikinka. Haka muka taso muka ga ana yi.

Direban kanta, Sabon Gari:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce, sai dai hanyar yanzu ba ta da ba ce. Manyan motocin da ke zuwa Damagaram ba sa tsayawa kan wannan titin, ga hon, ga babura. Dukushin da bai san mota ba, kwana biyar yana firgita a bakin gudro, ni dai ina jin tsoro. A mota awa uku ne in an tafi a hankali.

Ƙanena, ka manta da dogon baro. Gefensa gajere ne, yana tangal-tangal, doki na iya tsallakowa. Ka nemi kanta mai dogayen gefe, waɗanda suka kai masa ƙirji ko suka wuce. Ka hau da kanka ka duba ƙasan motar, kada a samu katako ruɓaɓɓe, ko rami, ko ƙusa da ta fito. A zuba rairayi mai kauri, kamar tsawon yatsa, domin kofato kan ƙarfe santsi yake yi, balle in ya yi fitsari. A gitta itace mai ƙwari a gabansa da bayansa, a naɗe shi da tsofaffin buhuna.

Wurin hawa kuma kada ka yarda a jingina masa allon katako. Ana neman tudu ne ko gefen kwari, a ja mota da baya har bakinta ya yi daidai da ƙasa, ya taka ya shiga kamar yana shiga ɗaki. A nan ma ka tanadi wurin saukewa tun kafin ka tafi, mutane da yawa sai sun iso gida suke tuna wannan. Sannan ka gaya wa direbanka tun a tasha: ba birkin gaggawa, ba shan kwana da gudu, a tsallake tudun rage gudu na kan hanya kamar an ɗauko ƙwai.

Ma'aikacin kiwo:
Malam, bari in ƙara kan abin da suka faɗa. Maganar allura, kada ka sayi komai a kasuwa ka yi masa. Doki a cikin mota da ƙafafunsa yake tsare kansa, yana buɗe su, yana sauya nauyi a kowace kwana. Wanda magani ya kashe wa jiki faɗuwa zai yi. Saboda wannan dalilin ne ma ba a sa masa dabaibayi ko tarnaƙi a mota. In har ya ƙi hawa ƙememe, likitan dabbobi ne zai gan shi ya yanke abin da za a yi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ɗaurin kai. Mutanenmu suna ɗaure ragama sama, gajere, wai kada ya yi motsi. Doki kuwa sai ya sunkuyar da kai yake fitar da ƙura da majina daga hanyar numfashinsa. In aka bar kansa a ɗage na tsawon awoyi, ga ƙurar hanya ga hayaƙin mota, dattin yana gangarawa huhu, bayan kwana ɗaya zuwa uku sai ka ga zazzaɓi da tari. Ka ba igiyar tsawon da zai iya sauke kansa ƙasa da kafaɗa, amma ba wanda zai sa ƙafa a ciki ba, da ƙulli mai saurin kwancewa. Wuƙa ta kasance a aljihun wanda ke tare da shi.

Kafin ku taso a kai shi ma'aikatar kiwo ta Tasawa a duba shi, ka karɓi takardar lafiyarsa, ka haɗa da takardar ciniki mai sa hannun shaidu, don tambayar jandarmomi a hanya. Ka yi maganar rigakafin tetanos, cutar nan mai sandarar da jiki, doki ba ya jure wannan cutar, ƙaramin yanka ya isa. Idan kun iso, ka sayi ma'aunin zafi a famasi, ka riƙa gwada shi safe da yamma har kwana biyar. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. In ya haura, ko ya ƙi ci, kada ka jira gobe. Kuma ka ware shi daga dawaki da jakunan unguwa mako biyu. Ba mu manta da murar 2019 ba, wadda ta kashe jakuna masu yawa a ƙasar nan.

Hajiya, Bagalam:
Ɗana, ni ba mahayiya ba ce, amma shekara ashirin ni ke dafa wa masu kula da dokin maigida, ni ke auna dusarsa. Duk sun yi maganar hanya, ni ta gida zan yi.

Ruwan famfon Maraɗi da na rijiyar ƙauye ba ɗanɗano ɗaya ba ne. Namu da aka kawo shi kwana biyu yana sansanar bokiti yana kau da kai, hankalinmu ya tashi ƙwarai. Ka ciko jarka uku ko huɗu daga rijiyar da ya saba, ka riƙa gauraya masa da na nan har ya karɓa. Harawar ma ka sayo daga hannun mai shi, wadda za ta yi mako guda ko kwana goma, ana surka ta da taka kaɗan-kaɗan. Kada murna ta sa ka cika masa gero ranar farko. Doki ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga, ciwon ciki kuma shi ne ke kashe su. Ranar tafiya harawa da ruwa sun isa.

Yaran unguwa za su cika maka gida, ka tare su a zaure. Zai yi ta haniniya da dare yana neman 'yan gidansu, kada a dake shi. Ka zauna kusa da turkensa ka riƙa yi masa magana.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Baba, ka yi mini haƙuri, zuciyata ta fi kwanciya da mota saboda titin. Amma maganarka ta sabo ta shige ni. Na yi niyyar in je in ɗauko shi ranar in juyo, yanzu na fasa. Zan tafi Alhamis in kwana biyu a can, ni zan ba shi ruwa, ni zan ja shi. Mu taso Asabar bayan sallar asuba, kafin hantsi mun shigo gari in Allah ya so.

Tsohon ɗan barga, Tibiri:
To, ba laifi, tunda za ka kwana. Amma motar ta isa tun ranar Juma'a da yamma, a kashe ta a bakin tudun, a zuba harawa a ciki. Ka bar shi ya sansana, ya sa ƙafa ɗaya ya janye, ya sake sawa. Ko sau goma ya ja baya, kada kowa ya ɗaga bulala, kada a taru a bayansa ana ihu, domin ba ya ganin abin da ke daidai wutsiyarsa, harbi zai kai. Yaron da ke ba shi abinci tun yana jariri, roƙi mahaifinsa ya ba ka shi ya rako ku, ya yi kwana uku a gidanka, ka sallame shi da alheri.

Hawan Sallar bana kuma ka cire shi daga ranka, bayansa bai yi ƙwarin ɗaukar mutum ba. Turken da za ka kafa, a inuwa yake? In kun sauka lafiya ka aiko mini, ranar Laraba ina shigowa Maraɗi, zan biyo in ga ƙafafunsa.