Ina son mayar da bas ɗakin kwana mai sola: Hiace ko Sprinter?

Malamin Dabbobi, Daura:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma maganar za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Na yi ritaya daga aikin lafiyar dabbobi, yanzu ina sayar da magani ina kuma yin allurar rigakafi. Aikin na bin kasuwa ne da rugage: Lahadi Mai'adua, wata Alhamis ɗin in leƙa Maigatari, sauran kwanakin kuma ƙauyukan Zango da Baure da Sandamu, duk inda Fulani suka kira. To shanu da sassafe ake samunsu, kafin a kora su kiwo. In na kwana a Daura, kafin in isa ruga hantsi ya yi, garke ya watse. In na kwana can, shimfiɗa ba ta dame ni ba, zauren mai gari bai taɓa ƙin baƙo ba. Maganin ne abin ji. Ƙanƙarar da na cika kula da ita da rana, kafin asuba ta koma ruwa, ga rigakafin PPR, wato annobar awaki da tumaki, da na ciwon huhu da aka kawo tun daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato suna iyo a ciki. Allurar da zafi ya kashe ba ta canza kama. Ka yi wa mutum, ya biya ka, bayan wata biyu awakinsa su fara zubewa, sunanka ne ya ɓaci a rugage goma.

Giratuti ya fito, shi ne nake son in sayi bas in cire kujerun baya, in yi gado, da kantar magani, da ƙaramin firji, da fanka, da ƙwan fitila biyu, duk a kan sola, irin waɗanda Turawa ke yawo da su a YouTube. Ban da kicin da banɗakin da suke cusawa, ni buta da jarka sun ishe ni.

Motoci biyu na gani. Ɗaya Hiace ce, Homa, mai fetur, ta yi haya tsakanin Katsina da Kano, jikinta ya nuna. Ɗayar Sprinter ce 'yar Beljiyam mai dogon rufi, mai gas, fes da ita. Gaskiya zuciyata tana wajen Sprinter, don na shiga na miƙe tsaye kaina bai taɓa sama ba, ko ana ruwa mutum zai yi sallarsa a ciki. Babban ɗana kuma ya dage sai an saka AC, wai bazarar Daura ba ta tsoho ba ce. Wacce zan ɗauka, kuma sola nawa za ta riƙe wannan kaya?

Tsohon Direba, Katsina:

Wa alaikumus salam Malam. Allah shi sa a yi a sa'a. Sola ba fannina ba ne, amma mota na ci abinci da ita.

In motar nan ta tsaya maka a bayan Baure ranar Juma'a da la'asar, wa zai buɗe ta? Nan ne maganar take. Hiace ko yaron bakanike ya san cikinta. In wani abu ya karye, a yi waya Ƙofar Ruwa a Kano, a ba direban haya, kafin isha'i yana tashar Daura. Sprinter mota ce mai ƙarfi, ba na kushe ta, amma in ta kunna maka wuta a allo ta ƙi wuce giya ta biyu, sai an nemo mai na'ura ya jona mata. Kuma masu sabon yayi suna da matata a salansa wadda ba ta shiri da gas mara kyau, wasu ma har da wani ruwa da ake zuba musu daban, AdBlue. Kai da za ka sha man jarka a ƙauye, ina kai ina wannan?

Sai dai Homar da ta yi haya a bi ta a hankali. Kada fenti ya ruɗe ka. A ɗora ta a rami ka shiga da tocila da kanka, ka duba ko an taɓa yi wa ƙashin motar walda, ka duba sufirin na baya ko lodi ya kwantar da su. A tayar da ita da safe tana sanyi, ka tsaya bayanta ka ga kalar hayaƙi. In injin 2TR ne mai lita 2.7, to ka samu mai haƙuri, sai dai yana shan mai, kuma ka san yadda fetur ya koma tun Mayun 2023.

Abu biyu da ba a yafewa. Na farko juyayyen sitiyari. Mu tun 1972 muka koma tuƙin hannun dama, amma har gobe ana shigo da na Japan masu sitiyari a dama a juya shi a gareji. Gane su ba wuya: ƙofar fasinja mai ja za ka gan ta a hagu, ta ɓangaren titi. Ka bar ta ko kyauta ce. Na biyu takardar kwastan. Hanyarka ta bakin iyaka ce, shinge a kan shinge. Bas mai labule da akwatuna da firji kowa zai so ya leƙa. Ka bar gilasanka yadda suke, kada ka yi musu baƙi, kuma kada ka jera jarkokin fetur a ciki, tun 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka ake sa wa jarka ido a yankin nan.

Maganar yashi kuma, Hiace da ƙafar baya take ja, in bayanta ba nauyi sai ta yi ta haƙa rami. Ka sa ruwanka da batir su zauna saitin tayoyin baya. Shebur, da gajerun katako biyu, da famfon iska, kada su bar motar.

Mai Sola, Ƙofar Ƙaura:

Baba barka da ƙoƙari. Bari mu yi lissafin a fili, don yayana mai son AC ya gani da idonsa.

Firjin mota na 12V mai kwamfireso, kamar mai lita 40, yana jan wat 45 zuwa 50 in yana aiki, kuma yana yi yana hutawa. Da zafinmu mu ƙaddara masa wat-awa 600 a yini da kwana, wato wat ɗin da yake ja sau awannin da ya yi yana aiki. Fankar DC wat 20, awa 10, 200 ke nan. Ƙwai biyu da cajin waya da tocila mu ba su 100. Jimla 900.

Batirin litiyam, irin wanda aka rubuta wa LiFePO4, mai 100Ah, yana ɗauke da wat-awa 1,280, kuma kusan duka za ka iya sha. Mai ruwa na 200Ah a takarda 2,400 ne, amma in kana son ya yi rai rabi kawai za ka taɓa, ka ga sun zo ɗaya. Bambancin, mai ruwan ya kai kilo 60, litiyam ɗin bai fi 12 ko 13 ba. Ga shi mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji, kuma a kan burjin Zango asid ɗinsa zai yi ta fantsama ƙarƙashin gadon da kake kwance. A gida ina saka wa mutane shi kullum, a cikin mota ba zan saka maka ba. Tunda magani ne a firjin, ni 200Ah na litiyam zan ce, don in aka wuni da hadari a watan Agusta kada ka kwana da fargaba.

Farantin sola na wat 400 ya isa, kuma zai zauna a rufin Homa. Ranar Katsina tana ba da kamar awa biyar zuwa shida na cikakken caji. Mu ɗauki biyar, 2,000 ke nan, mu zubar da kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da asarar waya, saura 1,500. Ya biya 900 ɗinka har da canji. Mutane suna zaton ƙunar rana ita ce ƙarfin sola, alhali haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake. Don haka kada a manna shi da rufi, a ɗaga shi a kan ƙarfe kamar faɗin tafin hannu, iska ta ratsa. Ribar ƙafa, ya zame wa motar inuwa. Da hunturu kuwa tsumma da ɗan ruwa kowace safiya, in ba haka ba hazo zai cinye maka caji kana kallo.

Yanzu AC. Mai doki ɗaya yana jan wajen wat 800. Awa shida kawai, 4,800. Batir huɗu ke nan na 100Ah don shi kaɗai, kuma rufin motar gaba ɗaya ba zai ɗauki farantan da za su mayar da wannan wutar washegari ba. A bar shi. Kuɗinsa a sa a abin da ke hana zafi shiga: rufi ya zama fari, a cusa soso ko audugar gilas tsakanin ƙarfe da silin, a huda sama a saka ƙaramar fanka mai zuƙe iska waje, tagogi a yi musu ragar sauro yadda za su kwana a buɗe.

Kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, ka sayi irin da ake kira MPPT, ba ƙaramar nan mai shuɗin allo da ake bayarwa gyara ba. Kuma tunda kullum kana tafe, a haɗa maka caja ta DC-DC tsakanin batirin mota da na ɗaki, inji yana aiki tana cika maka. Kada wani ya ce zai haɗa su kai tsaye da waya, litiyam yana zuƙar wuta ba ƙaƙƙautawa har ya ƙona altaneta, in kuma aka kashe mota firji ya shanye batirin tayarwa, ka wayi gari a ruga kana neman masu turi.

Fiyus a bakin batir, wannan dole ne. Waya kuma mai kauri, ta jan ƙarfe zalla, ka sa a fere bakinta ka gani, don akwai farin ƙarfe da aka shafa wa ja. Duk inda waya za ta ratsa bodi a sa mata roba. Inbata ba ka buƙatarta in duk kayanka na 12V ne. In ka ga batir an rubuta 200Ah amma ka ɗaga shi da hannu ɗaya kamar galan, ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado.

Malamar Asibiti:

Malam sannu da aiki. Mu ma rigakafin yara da wannan fama muke. Firjin mota yana iya wuce gona da iri, ya daskarar da abin da ke jingine da bangonsa. Ma'auninmu digiri 2 zuwa 8 ne, kuma ka fi ni sanin cewa allurai masu ruwa da masu mai ƙanƙara tana lalata su kamar yadda zafi ke lalata busassun. Ka sayi ma'aunin zafi na daban mai nuna mafi sama da mafi ƙasa, kada ka dogara da lambar jikin firjin. Ka jera robobin ruwa a gefe da ƙasa, magani a tsakiya cikin kwando, ko wuta ta ɗauke za su riƙe sanyi. Kuma don Allah kada a mayar da shi na ruwan sha, buɗewa da rufewa ke kashe shi. Kular nan taka ma kada ka yar, da ita za ka riƙa shiga cikin garke.

Sai roƙo ɗaya. Sanyin Janairu zai sa ka yi sha'awar shigo da gaushi ka rufe ƙofa. Gubar da ke cikin hayaƙin gawayi da na janareto ba ta da wari, barci kawai mutum zai ji. Shayi da girki a waje. Tukunyar gas in za ta zauna a ciki, a yi mata akwati mai huda a ƙasa, don gas ɗin girki ƙasa yake kwanciya in ya tsiyaya.

Ɗan Kasuwar Hatsi:

Alhaji ni fa ban ga abin wahala ba. Sienna ka saya, ka kwantar da kujeru ka jefa katifa. Kuma wa ke kwana a mota a zamanin nan?

Malamin Dabbobi, Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Mai hatsi, Sienna cikinta a ƙasa yake, hanyar da nake bi shanu ne suka fitar da ita. Maganar kwana kuwa kana da gaskiya, ba daji zan kwana ba. Yankinmu da sauƙi in aka kwatanta da yammacin jihar, amma duk da haka mota a ƙofar gidan mai gari za ta kwana, da saninsa, kamar yadda na saba.

Direba, ka kashe min jiki da Sprinter, amma ban da amsar tambayarka. Bakaniken da nake kai wa babur da tsohuwar motata na tambaye shi, ya ce Homa ko cikin dare a taso shi, waccan kuwa ya ce in ta lalace in kira wanda ya sayar min. Sallah sai a yi rumfar tamfol a gefen mota, ai dama an ce a bar kuɗin AC. Gobe zan sa a ɗora Homar a rami. Ƙofarta a dama take, na duba hoton da na ɗauka.

Malama, ma'aunin nan zan nema, irin na ɗakin ajiyarmu na da.

Saura tambaya ɗaya ga mai sola. Injin Hiace a ƙarƙashin kujerar gaba yake, wurin yana ɗaukar zafi sosai, kuma kafinta ya ce bayan kujerar direba ne ya fi sauƙin yi wa batir akwati. Akwai matsala?

Mai Sola, Ƙofar Ƙaura:

Akwai, Baba. Yawancin litiyam ba a son a yi musu caji in zafinsu ya haura digiri 45, kuma motar da aka rufe a rana a watan Afrilu tana wuce haka ko ba inji. A kai shi ƙarƙashin gado, saitin tayar baya kamar yadda Direba ya ce, ɓangaren da ba salansa, a ɗaure shi da ƙarfe a jikin bodi, akwatin a yi masa hudoji gaba da baya. Firjin ma a bar masa kamar taƙi ɗaya ta inda yake fitar da zafi. Kafintan ya dakata da silin tukuna, sai an gama jan waya. In motar ta tsallake rami, a auno min tsawo da faɗin rufin daga bayan gilashin gaba, kafin a sayi faranti.