Shin masu sharhi sun yi wa fim ɗin The Little Things adalci?

Baban Khadija: Assalamu alaikum. A ganina masu sharhin fina-finai sun tauye wa The Little Things haƙƙinsa. Lokacin da Warner Bros ta fitar da shi a watan Janairun 2021, a sinima da manhajar kallo ta HBO Max rana guda saboda annobar korona, ƙasa da rabin sharhin da shafin tara sharhin fina-finai na Rotten Tomatoes ya tattara ne ya yabe shi, kuma zargin da aka fi maimaitawa shi ne wai ya kwaikwayi fim ɗin Se7en na darakta David Fincher. Alhali John Lee Hancock ya rubuta labarin tun 1993, shi kuwa Se7en sai 1995 ya fito. Ta yaya wanda ya riga ka zuwa duniya zai ɗauko kamanninka?

Maman Abba: Wa alaikumus salam, Malam. Hujjarka ta wanke Hancock daga zargin sata, amma ba ta wanke fim ɗin ba, domin mai kallo yana auna abin da ya gani ne a shekarar da ya gan shi. Kafin 2021 an cika kasuwa da labaran tsohon ɗan sanda mai tabon zuciya yana farautar mai kashe mata, kuma Hancock, wanda shi ne ya ba da umarni, ya bar labarin a Los Angeles ta 1990 bai sabunta komai ba. Ga Denzel Washington da Rami Malek da Jared Leto, dukkansu masu lambar Oscar, amma tsakiyar fim ɗin tafiyar hawainiya ce, har Malek ya zama kamar bai san irin mutumin da yake wakilta ba.

Ɗan Zariya: Hajiya, na yarda da ke kan Malek, sai dai ina ganin ku biyun kun tsaya kan farauta, alhali fim ɗin ba a kan kama mai laifi yake ba. Matashin ɗan sanda Baxter (Malek) ya kashe Sparma (Leto), wanda ake zargi, da shebur ba tare da tabbacin cewa shi ne makashin ba, tsohon ɗan sanda Deacon (Washington) ya taimaka wajen ɓoye abin, sannan ya aika wa Baxter jan maɗaurin gashi irin na wata mace da ta ɓace, wanda ya saya da kuɗinsa, don Baxter ya ɗauka cewa hujja ce a kan Sparma. Deacon ɗin ma ya taɓa harbe mace bisa kuskure, abokan aikinsa suka rufa masa asiri. Wannan labarin 'yan sanda ne masu binne laifin junansu, kuma masu sharhi da yawa sun ji haushi ne kawai don ba a bayyana musu makashin ba.

Baban Khadija: Madalla. Kuma ai an zaɓi Leto cikin masu takarar lambar yabo ta Golden Globe saboda rawar Sparma da ya taka.

Maman Abba: Malam, takarar ɗan wasa guda ba shaida ba ce ga fim baki ɗaya. Shi kuma Ɗan Zariya, tambayata gare ka ita ce: a shekarar da ta biyo bayan kisan George Floyd, baƙar fatar Amurka da ɗan sanda ya kashe, shin fim ɗin yana la'antar wannan rufa-rufar ne, ko kuwa yana so mu tausaya wa Deacon da Baxter fiye da mutumin da suka binne a daji?