Jarin shagona yana narkewa, ƙanin matata kuma ya sayi sabuwar waya

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai dangin matata a zauren nan.

Ina da shagon kayan masarufi a Jos, a Bauchi Road, wajen shiga Unguwar Rogo, da POS a gefe. Jarin nan kuɗin gado ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da rumfa a kasuwar Terminus kafin gobarar 2002. Bayan wuta ta cinye komai sai ya koma kasa kaya a bakin titi, bai sake miƙewa ba har ya rasu. Gida ɗaya ya bar mana a Gangare, aka sayar aka raba. Yayyena suka sayi Keke, ɗaya ya ƙara aure, ni kuwa na ce kasuwar Baba zan raya, har aka yi ta yi min dariya wai ɗan boko ba ya iya ciniki. Na faɗi wannan ne don ku san kuɗin nan ba tsintarsu na yi ba.

Da safe ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, sai bayan Azahar nake zuwa shago. Surukata ta roƙe ni in ɗauko autanta daga Mangu ya riƙa tsare min. A gidana yake ci yake kwana, duk sati ina ba shi ɗan abin sabulu.

Tun bara shagon ke ramewa. Inda nake jera katon goma na taliya yanzu shida ne, kuma ciniki bai ragu ba. Ranar Juma'a sai ga yaro da waya sabuwa dal a kwalinta, wadda ni ban taɓa riƙe irinta ba, ga sabon takalmi. Na ce masa, "Mutumina, an yi sabuwa ke nan?" Sai ya haɗa rai, ko tuwon dare bai ci ba. Lissafina shi ne, in yana ɗibar kuɗina dole a gani a jikinsa. To ga shi an gani. Uwargida sai kuka take yi. In sallame shi shiru ne, ko in kai shi ofishin 'yan sintiri?

Alhaji Mai Dankali: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan ba ta buƙatar shawara. Ruwa ba ya tsami banza. Na tsufa a Farin Gada, yaran da suka wuce ta hannuna ba su ƙirguwa, kuma duk wanda ya ci min kuɗi da waya ya fara. Waya, takalmi, sai budurwa. Fushin da ya yi ma shaida ce, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Karɓi makullinka yau. Kada ka kai shi ko'ina saboda darajar matarka, sa shi a motar Mangu kawai.

Maman Ilham: Hmm. Ni wannan magana ta fama min ciwo. Shekarun baya na kwashi adashi na ɗinka atamfa biyu, a makon kuɗin maigidan suka ɓata a aljihun babbar riga. Uwar mijina ta tsaya a tsakar gida gaban kishiyata ta ce ga kuɗin nan a jikina. Daga baya mai wanki ya dawo da su a jiƙe. Har yau ba wanda ya ce min yi haƙuri, kuma ita kishiyar da ta fi kowa zaƙewa yanzu ko gaisuwar kirki ba ma yi, 'ya'yanta ma ta hana su shiga ɗakina. Allah dai ya isa.

Malamin Lissafi: Ɗan'uwa, ka sake karanta jumlarka. Ka ce in yana sata za a gani a jikinsa, an gani a jikinsa, saboda haka yana sata. Maganar farko gaskiya ce, ta biyu ma gaskiya ce, amma ta uku ba ta fito daga cikinsu ba. Sata hanya ɗaya ce da take kawo sabuwar waya. Akwai adashi, akwai masu ba da waya a biya kaɗan-kaɗan duk wata, akwai kyautar wani ɗan'uwa, akwai yaran da suka samu wani abu a harkar mainin na kirifto. Kai ka ga inda aka iso, sai ka yanke hanyar da aka biyo.

Kuskuren nan tsoho ne. Aristotil, masanin Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya lissafa shi cikin dabarun gardamar banza. Ya ce don ƙasa tana jiƙewa in an yi ruwan sama, sai mutane su ɗauka duk inda ƙasa ta jiƙe ruwa aka yi. Ya ma kawo wanda ya yi kama da naka: mai son ya tabbatar wani mazinaci ne sai ya ce ai yana caɓa ado, ana ganinsa yana yawon dare. Ya ce mutane da yawa suna yin haka alhali laifin bai hau kansu ba.

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ruwa ba ya tsami banza, haka ne. Amma tsamin ba ya faɗin sunan wanda ya zuba abin.

Mai tambaya: Malam na gode, amma kai ba ka san yaron nan ba. Ni nake zaune da shi. Wane adashi zai yi da abin da nake ba shi? Kuma in da gaskiya ce da shi, me ya sa ya yi fushi?

Malamin Lissafi: Wannan ma sak irin na farko ne. Mai laifi yana fushi, to wanda aka yi wa gatse a gaban yayarsa shi ma yana fushi. Ka tambaye shi inda ya samu kuɗin?

Mai tambaya: Ban tambaya ba. Ai ƙarya zai yi min.

Alhaji Mai Dankali: Yauwa ɗana. Malam, kasuwa ba aji ba ce. Kafin ka gama Girkancinka an kwashe shagon bawan Allah har da kanta. Ni ban taɓa zargin yaro na kore shi ya zamana na yi kuskure ba.

Hajiya Mai POS: Alhaji, wanda ka kora ai ba ya dawowa ya nuna maka rasit, ta ina za ka san ka yi kuskure?

Ɗan'uwa mai tambaya, ni na bar maganar waya, ramewar shago zan taɓa, don ita ma kun ɗora ta a kan sata kai tsaye. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wane mai shago ne bai rame ba? A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, kayan abinci ma sun fi haka. Ɗauki misali: ka sari katon a dubu goma, ka sayar ka tara dubu goma sha ɗaya, kana murna ka ci ribar dubu ɗaya. Ka koma wajen dila ka tarar ya zama dubu sha uku. Ba wanda ya taɓa maka kwabo, amma kuɗin katon goma ba za su ƙara sayen goma ba. Ga alat na bogi da ake nuna wa yara a waya idan layi ya yi tsawo. Ga Naira 50 da ake cira a kan turin dubu goma zuwa sama, in ba ka sa ta a cajinka ba daga jikinka take fita. Kuɗin POS da na shago aljihu ɗaya kake zuba su ko daban? Kana da littafin shiga da fita?

Mai tambaya: Hajiya duk durowa ɗaya ce, ai duka nawa ne. Littafi na bashi kawai muke da shi, sauran a kaina suke, na san kayana ɗaya bayan ɗaya. Cefanen gida daga shago uwargida take aikowa a ɗauka, wannan ba wani abu ba ne. Da daddare ƙanena yakan zauna in na gaji, amma shi uwa ɗaya uba ɗaya muke, ba zai yi min haka ba.

Maman Ilham: Au, ashe akwai ƙanenka! To shi jini ne, na matarka bare. Haka kuke maza. Dangin miji ba sa laifi.

Abu Sumayya: Bismillah. Abin da Malamin Lissafi ya faɗa ba na boko kaɗai ba ne, yana cikin karatun zaure. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, wanda duk muka karanta Ahalarinsa muna yara, yana da waƙe mai suna Sullam a ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja. A babin ƙiyasi mai sharaɗi, wato magana irin "in ya yi sata (na gaba), kuɗi sun shiga hannunsa (na baya)", hanya biyu ce take haifar da sakamako. In ka tabbatar da na gaba, na baya ya tabbata: an kama shi yana sata, to kuɗi sun shiga hannunsa. In ka kore na baya, na gaba ya koru: kuɗi ba su shiga hannunsa ba, to bai sata ba. Amma tabbatar da na baya ba ya haifar da komai, domin yakan fi na gaba faɗi.

Ku tuna 'yan'uwan Annabi Yusuf (AS). Sun kawo rigarsa da jinin ƙarya don mahaifinsu ya yi irin wannan lissafi: in kerkeci ya cinye shi za a ga jini a riga, ga jini, shi ke nan. Annabi Yaƙub (AS) bai karɓa ba. Malaman tafsiri sun ce ya lura rigar ba ta yage ba, kuma dabbar da ta ci mutum ba ta barin rigarsa lafiya. Ya duba abin da dole a samu in labarin gaskiya ne, ya ga babu.

Sannan a shari'a hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Suratul Hujurat ta ce sashen zato zunubi ne. Yaron nan amana ne a hannunka.

Ɗan Rikkos: Ni dai akwai wani mai duba a bayan layinmu, ko allura ce ta ɓata yana fito da ɓarawo. A yi min magana ta akwati.

Abu Sumayya: A'uzu billahi. Admin a goge wannan.

Alhaji Mai Dankali: Ustaz, Allah ya ƙara ilimi, amma a Suratu Yusuf ɗin dai ai da riga aka gane mai gaskiya, da ta yage ta baya. Ke nan alama tana aiki. Kuɗi suna ɓata, yaro ya yi waya, ku ce mu rufe ido?

Malamin Lissafi: Nan ka yi gaskiya Alhaji, ba wanda ya ce a rufe ido. Waya alama ce, ta isa ta sa a bincika. Nauyin alama kuwa yana ga yadda take wahalar samuwa a wurin marar laifi. Riga ta yage ta baya, da wuya a samu haka sai ga wanda yake gudu aka jawo shi. Sabuwar waya fa? Je ka Ahmadu Bello Way da yamma ka ga samarin da ke fitowa da kwalaye, duk ɓarayi ne?

Mai tambaya, ga abin da zai raba gardama. Ku ƙirga kayan shago tsaf a gabansa, ku rubuta. Raba kuɗin POS da na shago. Duk abin da ya fita a rubuta, har magin uwargida da kuɗin man da kake zara. Ku sake ƙirgawa bayan sati biyu. In lissafi ya cika alhali jari yana raguwa, ba hannu ne ke ci ba. In bai cika ba, to akwai ɓaraka, amma mutum huɗu ne ke taɓa durowar, har da kai.

Alhaji Mai Dankali: Ɓarawon da ya san ana ƙirga zai ɗauka? Zai lafa ne, ku ce waliyyi ne. Ka yi wa 'yan dubu-dubu alama da biro ka zuba a durowa, kada ka gaya wa kowa, da daddare ka duba aljihunsa.

Hajiya Mai POS: Yaron da yake ba da canji da cirar kuɗi wuni guda? In an ga takardar a aljihunsa me ta nuna? Kuma in matarsa ta kama shi yana laluben wandon ƙanenta, kai za ka je biko?

Mai tambaya: Na gode duka, Allah ya bar zumunci. Maganar littafi zan duba in an yi hutu, yanzu jarrabawa muke. Amma ni zuciyata ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Na karɓi makullin na ce fenti za a yi, ƙanena zai riƙa zama da safe kafin nan. Sai dai uwargida ta kira gida, surukata ta ce tana tafe jibi. Abin da nake so yanzu shi ne yadda zan yi mata bayani ba tare da na ambaci sata ba.

Malamin Lissafi: Har yanzu ba ka tambayi yaron ba?

Maman Ilham: Ka duba wayar ƙanenka ma, ko ita tsohuwa ce.

Alhaji Mai Dankali: Ce mata kasuwa ta yi sanyi, ba ka iya riƙe yaro. Ka haɗa mata da sabulu da turmin atamfa, kuɗin mota kuma na mutum biyu.