Musayar Waƙa: Taƙadiran 'Yan Ƙwallo

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Jama'a, yau kowa ya kawo taƙadirinsa. Ga nawa, na 2011:

Balotelli jinin Gana, Italiya ta rene shi,
Wasan tartsatsin wuta a banɗaki ya kama gidanshi,
Washegari a Old Trafford biyu ya zura da ƙafarshi,
Ya ɗaga riga, "Me ya sa kullum ni?", duniya na kallonshi.

Ƙungiyarsa Manchester City shida, Manchester United ɗaya aka tashi. Ina 'yan United?

Baba Na-Gobarau:
Kai yaro, sa wa bakinka linzami ka zauna,
Tun ba a yaye ka ba mun ga sarki Cantona,
Ɗan kallon Palace ya zage shi don ya raina,
Ya tsallake allon talla, ƙirjinsa ya auna,
Wata takwas a gida, da ya dawo ya nuna,
Kofi biyu a 1996, naka fa me ya tsinana?

Sani Mai Shayi:
Allah ya ja kwana, Baba! An gama da yaro.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Baba, da girmanka kake yabon mai duka?
Furfura ta cika kai, ƙwallo na sa ka kuka,
Nawa ne ya ba Aguero ƙwallon da ta ƙwace kofinku,
Tun 2013 rabonku da gasar, ku riƙe tarihinku.

Jikan Kusugu:
Katsinawa, ku matsa, Daura ta iso.

Ku bar batun 'yan gaba, ga gola Higuita,
Gashi har kafaɗa, raga ba ya zama cikinta,
A Wembley ya tashi kamar kunama da harbinta,
Ya kife, ya sa dugadugai, ƙwallo ya maido ta.
Amma a 1990 Roger Milla ya gane ta,
Ya fito yanka a fili, tsoho ya ƙwace ta,
Kamaru ta wuce, Kolombiya ta ɗaure kayanta.

Malam Mai Alli:
Ɗan Ƙofar Ƙaura, baitinka ya karye. Ka fara da "ka" ka ƙare da "ku", amsa-amo biyu a baiti ɗaya. Kai kuma na Daura, ɗango bakwai? Ƙwar nawa ke nan? Gaɓoɓin ɗangonka na uku sun fi na farko yawa, ƙirga ka gani.

Jikan Kusugu:
Malam, kai da ba ka taɓa kawo ko ɗango ɗaya ba. Rera shi da baki ka ji ko zai yi ɗingishi.

Malam Mai Alli:
Na rera. Ya yi.

Sani Mai Shayi:
Na Baba ma shida ne, amma nasa ya zauna daram.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Sani, ai kullum a teburinka yake karyawa, dole ka ce haka.

Hajiyar Rafindaɗi:
Tun la'asar nake bin ku, kun bar waƙa kun koma ƙirgen gaɓa.

Kun zaga Turai, kun mance da na gida,
Taribo West ya yi kitso kore, ya fi na 'yan matan gida,
Zinare a Atlanta, a Milan ya buga wa ƙungiya biyu,
Yau fasto ne, ya rataye takalma, wa'azi yake yi.

Malam, na san ya karye, kada ka wahalar da kanka. Taribo nake so a tuna.

Baba Na-Gobarau:
Hajiya, naki ko ya karye mun karɓa da hannu biyu. Saura wannan yaron:

Gascoigne ya tsinci katin da alƙali ya yar,
Ya ɗaga masa shi sama, filin Rangers ya ɗau sowar,
Alƙali ya karɓe, ya ba shi gargaɗi a wasar,
Haka zan maka, yaro, in ka sake taɓa furfurar.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
"Wasar"? Baba, wasa namiji ne! Malam Mai Alli, ina kake?

Malam Mai Alli:
A bakin Katsinawa mace ce, ka tambayi kakarka. Kai dai je ka gyara "ka" da "ku" ɗinka tukuna.