Na sayi Martini-Henry ta 1887, shin a harba ta ko a rataye a bango?

Ɗan Mandawari:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san tsofaffin bindigogin soja ce, musamman 'yan'uwa da ke zaune a ƙasashen da doka ta yarda a mallake su.

Shekarata 11 a Amurka, a jihar Ohayo, ina tuƙin babbar mota. Asabar ɗin da ta wuce wani abokin aikina ya ja ni kasuwar bindigogi, irin wadda ke ci ƙarshen mako a cikin babban zaure. Ban je da niyyar sayen ko allura ba. A teburin wani dattijon Bature na hangi wata doguwar bindiga, katakonta ya yi baƙi ƙirin da tsohon maiƙo, har tana danƙo a hannu. Na ɗaga ta, nauyinta zai kai kilo 4. A jikin ƙarfen ta dama an buga kambin sarauta, ƙarƙashinsa V.R., wato alamar Sarauniya Biktoriya, sai ENFIELD, inda aka ƙera ta, sai 1887, sai IV. Akwai kuma wani rubutu irin na Indiyawa, ƙanana, a kusa da kunama.

Ba a jera mata harsasai. Wani dogon mariƙi ne a bayan kunamar, in ka danna shi ƙasa sai wani ƙarfe mai kwarmi ya sunkuya, mazaunin harsashi ya buɗe, ka zura guda ɗaya, ka mayar da mariƙin. Shi ke nan ta ɗanu. Dattijon ya ce Martini-Henry ce. Muka yi ciniki, na biya dala 850. Bai nemi takarda ba, ya ce a dokar tarayya duk bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce. Na duba daga baya, haka ne, ko da yake kowace jiha da nata ƙarin.

Abin da ya sa na kasa ajiye ta shi ne kakana, Allah ya ji ƙansa. Muna yara yakan ba mu labarin mahaifinsa, wanda yana ɗan yaro ranar da Nasara suka shigo Kano. Bai ga komai ba, an ɓoye su a ɗaka, amma ya ji ƙara daga wajen Kabuga, ya ce ba ta yi kama da ta bindigar toka da ake harbawa a hawan Sallah ba. Tun daga lokacin nake son in ga da idona abin da ya yi wannan ƙarar. Da na ga 1887 da kambin Sarauniya sai gabana ya faɗi.

To ga tambayar. Ta gaske ce ko jabu aka sayar mini? In ta gaske ce, ƙarfen da ya haura shekara 130 zai iya jure harbi? Ba na so in rasa ido. Sannan irin ta ce aka shigo da ita Kano a 1903?

Bazazzage Ingila:

Wa alaikumus salam, Ɗan Mandawari. Allah ya sanya alheri. Ina da irin ta biyu, na fi shekara 8 ina harba ɗaya daga ciki.

Da farko, don girman Allah kada ka sa mata harsashi sai maƙerin bindiga ya duba ta, kuma wanda ya san na albarushi, ba kowane mai gyaran na zamani ba.

Yadda ka kwatanta ta, alamu sun nuna ta gaske ce. Dogon mariƙin nan da IV su ne shaidar samfuri na huɗu, na ƙarshe. Sojojin Ingila sun karɓi Martini-Henry a 1871, suka yi yaƙin Zulu da ita a 1879, suka kai ta Sudan yaƙin Mahadi. A can ta ba su kunya: kwanson harsashinta na farko siririn fallen tagulla ne da aka naɗe, in bututu ya yi zafi ga ƙura sai kwanson ya maƙale ya ƙi fita. Shi ya sa aka tsawaita mariƙin, don a sami ƙarfin fizgo shi. Irin taka ma asali an ƙera su ne don wani harsashi ƙarami, sai aka fasa saboda sabuwar bindiga Lee-Metford mai harsashi .303 tana tafe, aka faɗaɗa bututunsu suka koma cin tsohon harsashin .577/450. Akasarinsu Indiya aka tura su.

Rubutun nan da ka gani kuwa, ina kyautata zaton na Nepal ne. Turawan da ke mulkin Indiya sun ba gwamnatin Nepal Martini da yawa, aka jibge su a wata tsohuwar fada a Katmandu, Lagan Silekhana, suka kwana can shekara da shekaru. A 2003 wani kamfanin Amurka ya saye rumbun gaba ɗaya, bindigogi sama da 50,000. Baƙin maiƙon da ke danƙo a hannunka daga can yake. Shi ya kare wasu daga tsatsa, wasu kuma ya rufe musu aibu.

Nan ne hatsarin yake. Waje na iya yin kyau, amma ƙarƙashin katakon da ke riƙe da bututu tsatsa ta ci rami. Dole a cire katakon a duba. A leƙa cikin bututu da fitila, a duba mazaunin harsashi, a ga ko ƙarfen mai sunkuyawa yana kulluwa dam. Ka nemi haruffan DP a jikinta, in akwai su to an yanke mata hukuncin fareti kawai, ba ta harbi ba. Ka kuma ƙura wa ENFIELD ido. Maƙeran yankin Khyber, iyakar Pakistan da Afganistan, sun daɗe suna kwaikwayon Martini da ƙarfe mai laushi, kuma sau da yawa N ɗinsu a juye take, ko ka ga V.R. tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a shekarar Sarauniya Biktoriya ta mutu. Wannan ko kyauta aka ba ka, ta bango ce. Haka ma Gahendra, wadda aka ƙera a Nepal kanta, ni ba na harba ta.

A nan Ingila kana iya ajiye ta don ado babu lasisi, tunda harsashinta yana jerin waɗanda aka daina yayi. Amma ranar da ka ce harbi za ka yi, sai ka nemi takardar 'yan sanda kamar kowace bindiga. Ku a can kun fi mu sauƙi.

Malam na Giginya:

Bazazzage ya gama da ƙarfe, ni bari in ɗauki tambayarka ta uku, ɗana, don tarihi nake koyarwa a sakandare.

Ba ita ba ce, amma ƙanwarta ce. Rundunar da Lugga ya kafa a 1897 an fi raba mata Martini-Enfield gajera, wato dai wannan tsarin na harsashi ɗaya-ɗaya, amma an sauya mata bututu ta koma .303 mai sabon hodar da ba ta hayaƙi. Saboda haka in ka danna mariƙin taka, hannunka yana yin abin da hannun sojan da ya tsaya gaban ganuwar Kano ya yi ranar 3 ga Fabrairu 1903. Ƙarar ce za ta bambanta. Kuma abin da ya fi girgiza gari a ranar ba ƙananan bindigogi ba ne, Kanar Morland ya zo da igwa da Maxim, bindiga mai ruwan harsashi, su suka buɗe hanya. Ina jin ƙarar igwa ce mahaifin kakanka ya ji daga ɗaka. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. A kan hanyar dawowa aka yi Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. Mu nan aka zo mana ranar 15 ga Maris, a filin Giginya, sannan Burmi ranar 27 ga Yuli, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru.

Abu biyu nake so ka riƙe duk sanda ka ɗauke ta. Na ɗaya, Turawan da ke cikin wannan runduna 'yan kaɗan ne, masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, kuma da yawansu Hausawa. Yarana a aji ba sa son jin wannan, amma haka abin yake. Na biyu, ba rashin sanin bindiga ya sa sarakunanmu suka tari Maxim da doki da mashi ba. A 1890 ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a Brasels ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogi na zamani, aka bar mana ta toka da albarushin kasuwa. An rufe ƙofa kafin a zo.

Sannan kada ranka ya raya maka ka kawo ta gida ka nuna wa dangi. Dokar bindigogi ta 1959 tana nan, bindigar soja mai .303 ma tana cikin haramtattu sai da izinin Shugaban Ƙasa, ko ta toka sai da lasisi. Tsufanta ba zai cece ka a filin jirgi ba. Ka ɗauki hoto ka aiko.

Maman Sadiya:

Ku gafarce ni, ni dai abin bai kwanta mini ba. Daga Zamfara nake. Ƙanena da iyalinsa sun bar ƙauyenmu shekara 3 ke nan, gonar ma ba a zuwa. Mu kalmar bindiga in mun ji ta cikinmu ne ke ɗurar ruwa, ga ku kuna ta yaba dogon mariƙi da kambin Sarauniya. Malam ya ce da ƙanwarta aka kashe Sarkin Musulmi. To, Ɗan Mandawari, me zai sa ka sanya kuɗin guminka a kanta, har ka ji sha'awar jin ƙararta? Ba faɗa nake ba, ina so in gane ne.

Ɗan Mandawari:

Hajiya, Allah ya kawo muku sauƙi, ya mayar da ku gidajenku lafiya. Maganarki ta shige ni, na kwana da ita kafin in amsa.

Ba zan ce miki babu sha'awa ba, akwai, aikin ƙarfen nan ya burge ni. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne 'ya'yana biyu da aka haifa a nan. A makaranta an koya musu yaƙe-yaƙen Amurka har da sunan kowane janar, ba wanda ya taɓa ce musu Kano tana da ganuwa. Daren da na kawo ta gida babban ya tambaye ni mece ce, muka zauna har ƙarfe 11 ina ba shi labarin kakana. Shekara da shekaru ina neman abin da zai zaunar da shi ya saurari wannan labari. Tana kulle a akwatin ƙarfe, makulli yana jikina, kuma babu harsashinta ko ɗaya a gidan. Ban ce wannan ya isa amsa ga wanda aka raba da gonarsa ba. Iyakar gaskiyata ke nan.

Malam, na gode. Zancen Hausawan da ke cikin rundunar ban taɓa jin sa a gida ba.

Badamagare:

Ɗan'uwa, ni a Faransa nake, Gras ta 1874 nake harbawa, ita ma ta albarushi ce mai cin ɗaya-ɗaya. In maƙeri ya ba ka izini, albarushi baƙi kawai, irin wanda aka yi ta dominsa. Harsashin soja na Martini dalma ce ta giram 31 naɗe da takarda, da kakin zuma a bayanta don ya tausasa dattin bututu, a kan albarushi giram 5 da rabi. Za ta tokare ka a kafaɗa sosai, ka danne ta da kyau, kuma bayan 'yan harbi kada ka taɓa bututun da hannu. Ka wanke ta a ranar, da ruwan zafi, ka busar ka shafa mai. Tokar albarushi tana jan laima, in ta kwana biyu a ciki za ta yi ɓarnar da shekara 100 a Katmandu ba su yi ba.

Ɗan Mandawari:

Jama'a, ga yadda aka ƙare. Na sami wani maƙeri tafiyar awa 2 daga nan, ta yi mako 3 a wurinsa. Ya ce ta Enfield ce ta gaske, N ɗin daidai take, babu DP. Da ya cire katakon gaba, Bazazzage, sai ga tsatsar da ka faɗa, layi guda a ƙarƙashin bututu, amma ya auna ya ce ba ta yi zurfi ba. Katakon gindi yana da tsaga kusa da inda ya haɗu da ƙarfe, ya liƙe ta. Harbin farko shi ya yi, ya ɗaure ta a kan buhunan yashi ya ja kunama da igiya daga nesa, ya duba kwanson, bai kumbura ba.

Jiya muka je filin harbi da harsashi 10 da ya haɗa mini. Ƙararta ba tsawa ba ce irin ta na zamani, wani gurnani ne mai nauyi da kake ji a ƙirji, sai farin hayaƙi ya rufe gabanka, warin ƙibiritu ya cika hanci, sak warin bayan 'yan bindiga a hawan Daushe. Sai iska ta kwashe shi kafin ka ga inda ka nufa. A taku 100 tana bugun sama da inda na saita, kusan kamu biyu, maƙerin ya ce halinsu ne. Guda 6 sun sami allon. Bayan na bakwai na tsaya na zauna na ɗan jima, ina ta tunanin yaron nan da aka ɓoye a ɗaka, sannan na ƙarasa ukun.

Na wanke ta da ruwan zafi tun kafin in ci abinci, Badamagare, ruwan ya fito baƙi har sau huɗu. Malam, babban ɗana yana tambayar wace ƙofa aka fara kai wa hari kafin Kabuga, in kana da hoton ganuwar wajen ka taimaka mana da shi.