Idan mulki ya sauya hannu a Amurka: taƙaitaccen bayanin shawarwari

Shawarar da ta fi rinjaye a wata tattaunawa da aka yi kan sauyin mulki a Amurka ita ce kada ƙasashen yanki su jingina tsaronsu ga sa hannun shugaba guda. An kafa hujja da yarjejeniyar nukiliyar Iran ta 2015, wadda ta ƙayyade tace yuraniyum a kashi 3.67 cikin ɗari. Obama bai kai ta Majalisar Dattawa a matsayin cikakkiyar yarjejeniya ba, don haka Trump ya fice daga cikinta a watan Mayun 2018 ba tare da wani shinge ba. Zuwa 2021 Iran ta kai kashi 60. Wannan, a ganina, shi ne wurin da ya fi tayar da hankali.

Wasu sun dage cewa maƙwabta su riƙa magana kai tsaye, kamar yadda Saudiyya da Iran suka maido da hulɗa a Beijin a 2023. An kuma ja kunne kan ɗokin taron shugabanni: ganawar Trump da Kim Jong Un, shugaban Koriya ta Arewa, a Hanoi a 2019 ta watse babu matsaya. Kowa ya amince a bar masu binciken IAEA, hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, su ci gaba da aiki, ko da tattaunawa ta tsaya cik.